Jan Inji Mai Rufaffen Ciki

Tasi'u, ɗan gwaggona, ajiye wayar nan ka ba ni kunnenka. Ka ce shugabarku ta ɗora maka zaɓen manhajar da za ta riƙe muku aikin ofis kaf: wa ke yin me, wa ke jiran wa, wane aiki ne ya maƙale. Ka ce akwai wata mai sheƙi wadda kamfaninta kaɗai ke da ikon taɓa cikinta, akwai kuma buɗaɗɗiya, ba ta da kyan fuska, amma duk wanda ya san abin zai iya leƙa hanjinta ya gyara. Na ga idonka ya riga ya tafi kan mai sheƙi, yadda ya saba tafiya kan tsokar da ke kwanon wani. To ji wannan tukuna, sannan ka danna.

Wani manomin rani ne a wata fadama, tumatir yake yi. Mutanen fadamar nan duk injin ban ruwansu iri ɗaya ne, mummuna, ga hayaƙi, ga tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba. Amma kowa ya san cikinsa. In na wani ya tsaya sai a taru a gindin mangwaro, a baje shi a kan buhu, wannan ya ciro noti daga mataccen injinsa, wancan ya yanko roba daga tsohon tiyub, kafin rana ta take ya tashi. Dabarar da ɗaya ya gano yau, gobe ta zama ta kowa. Aibinsa dai hannu ba ya rabuwa da baƙin mai, kuma baƙin man nan ne ya ishi mutumin namu. Ya shiga birni ya dawo da wani jan inji, shiru kamar munafuki, an ɗaure murfinsa da kusoshi masu kan tauraro, mabuɗinsu yana wurin mai shago. Mai shago ya ce masa, “Alhaji, kai dai tayarwa da kashewa ne naka. In ya yi ciwon kai ka kira mu.” Bakin injin ma ba irin na kowa ba ne, siriri ne, sai bututunsa na musamman. Mutumin namu ya binne bututun a gonar, ya cike tsofaffin hanyoyin ruwan da ubansa ya haƙa, ya dasa ƙarin tumatir a kansu. In ya zo wucewa ta gindin mangwaro da farar rigarsa sai ya ɗaga hannu: “Sannunku da fiɗa! Yau kuma na wa aka yanka?” Su ce, “Allah ya bar ka da amaryarka.”

Tumatir ya yi fure, zafin bazara ya sauko, sai jan inji ya yi shiru na gaske. Ya ja igiya har tafin hannunsa ya saɓule. Ya kira shago, aka ce makanike yana hanya. Ganye ya fara lanƙwasa tun da hantsi. Ya sake kira, aka ce makanike ya biya wani gari, a ƙara haƙuri. Shi kuwa tumatir mai fure bai san haƙuri ba. In ƙishi ya kama shi furen yake fara zubarwa, kuma furen da ya taɓa ƙasa ba ya komawa reshe. Maƙwabta ba su riƙe shi da bakinsa ba, suka zo da duk sufanar da suka mallaka, babu wadda ta kama kan tauraro. Suka turo nasu injin a baro, bakinsa ya ƙi bututun. Suka naɗe mahaɗar da roba, ana tayarwa ta fashe, ruwa ya yi sama ya wanke su. Wani ya ce a saki ruwan a ƙasa ya bi hanya. Wace hanya? Ruwan ya taru a bakin gona, ya yi ta dube-dube, ya gangara ya koma kogi. Ga kogin nan cike, yana jin ƙararsa daga inda yake tsaye, ga ƙasar gonarsa tana tsagewa har yatsa na shiga.

Sai ya ɗauko guduma da cizal. Wani dattijo ya riƙe masa hannu: “Malam, in ka fasa, mai shago zai zame fa.” Ya ce, “Baba, da can yana tare da ni ne?” Ya yi ta bugu, murfin ya ƙi, ya ƙara ƙarfi. Da murfin ya tashi buɗewa, sai ya tafi da gefen injin, ƙarfen ya tsage har gindi. Aka leƙa. Wata 'yar roba ce ta cinye, ba ta fi zoben yatsa ba, irin wadda ake yankowa a gindin mangwaro kafin kunu ya huce. Ba wanda ya yi dariya. Ranar da makanike ya iso da mabuɗi a aljihu, ya tarar da mai gona da garwa biyu a kafaɗa, yana jido ruwa zuwa fangali ɗaya da ya fi kusa da kogi. Sauran gonar ƙasa ta yi rawaya da fure.

Don haka, Tasi'u, kafin ka juye aikin mutane cikin wani abu, ka tambaya: ranar da ya tsaya, mabuɗi yana hannun wa, kuma akwai hanyar da za ka kwashe kayanka ka fita? Buɗaɗɗiyar za ta ɓata maka hannu, wannan ba ƙarya. Amma Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.