Mata Biyu, Lamba Ɗaya

Ƙarfe tara da kwata manaja ya ajiye mata takardar ƙorafin a tebur, ya tsaya a kanta bai zauna ba.

"Wata mata muka tura wa saƙo cewa tana da ciwon daji. Wata bakwai tana neman gafarar dangi, ta ƙi yarda a taɓa ta. Da ƙyar aka lallaɓa ta zuwa wani asibiti, aka sake gwaji, lafiyarta ƙalau. Mijinta yana ƙasa, saura kaɗan ya cinye mai gadi. Duba mana."

A ofishin, Uwar Lamba suke ce mata, don ita ta rubuta manhajar. A wannan ɗakin gwaje-gwaje ba a liƙa suna a jikin kwalba. Manhajar ce ke ɗaukar sunan mutum da ranar haihuwarsa ta niƙe su, ta fitar da 'yar lamba guda. Da lambar ake gwaji, da ita ake tura sakamako. Shekara uku ba a taɓa jin kansu ba.

Ta buɗe lambar matar. Sakamako biyu ta tarar a ƙarƙashinta, na mako ɗaya, duka na ƙullutu a nono. Ɗaya ya ce ba komai, ɗaya ya ce daji ne. Ke nan mata biyu ne suka faɗa lamba ɗaya, na'ura ta ba kowacce na 'yar'uwarta.

Lamba ba ta komawa suna. Dole ta kwaso sunayen watan da aka yi gwajin kaf, dubu huɗu da ɗoriya, ta sake zuba su a manhajar, ta zauna jira.

Dogo, maƙwabcin teburinta, ya leƙo da kofin shayi. "Uwar Lamba, wannan rama fa, wai maigida ya daina cefane ne? Ko ke ma manhajar ce ta matse ki?"

Ta yi masa murmushin da ake yi wa irinsa, ta gyara agogon da ke zamewa a hannunta.

Sunaye biyu suka fito. Sunan yanka ɗaya. Ranar haihuwa ɗaya ga Janairu, wadda ake rubuta wa duk wanda iyayensa ba su riƙe rana ba. Sunan uba ma kusan ɗaya, sai dai na wannan da K ya fara, na waccan da Ƙ.

Ta san layin manhajar da ya jawo haka tun kafin ta nemo shi. Lokacin da suka fara, tsohuwar na'urar buga takardu ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, sai ta buga akwati a madadinsu. Ita ta ƙara layi guda mai goge lanƙwasar kafin a niƙa suna. Har tafi aka yi mata ranar.

Ta karanta sunayen sau biyu. Ta jira gabanta ya faɗi, bai faɗi ba. Abin da ya zo mata kawai shi ne ta baro shanya a waje, ga hadari ya haɗo.

Gyaran minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Ta bi shekaru ukun nan duka, ba ta sami wani karo ba. Ta rubuta rahoto shafi ɗaya, ta gyara waƙafi a wuri biyu. Ta wanke kofinta duk da ba ta sha komai a ciki ba.

Da rana aka kira ta ofishin manaja, a bene na biyu. Ta huta sau ɗaya a matakala. Babban likitan gwaje-gwaje na zaune, tabarau a goshi.

"Mutum nawa abin ya shafa?" in ji likita.

"Biyu."

"Daga ina kuskuren yake?"

"Daga wurina."

Manaja ya buɗe baki zai kare ta, likita ya ɗaga masa hannu. "Wannan sai daga baya. Ta farko ta sha wahalar banza, amma za ta rayu. Ta biyun ce damuwata. Mun ce mata ta je gida ba komai, wata bakwai ke nan, irin wannan ciwon kuma ba ya jiran kowa. Wace ce?"

"Ƙa'ida ta hana in sa suna a rahoto, Likita. Ga lambar wayarta."

Ta tura masa 'yar takarda. Ya jawo wayar tebur, ya riƙe kan wayar a hannu yana jinjinawa. "Shekara ashirin ina wannan aiki, har yau ban san ta inda ake fara wannan magana ba."

"Kada ka yi mata kwana-kwana," ta ce. "Faɗa mata kawai."

Ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne.

A cikin jakar da ke kan cinyar Uwar Lamba, wayarta ta fara ƙara.