Hoton Kaka a Gona

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, 1997, gari ya waye da baƙin hadari wanda bai sauke ko ɗigo ba. Malama ta tashi tun da asuba ta share teburin cin abinci, ta ajiye ambulan da takarda, ta zauna rubuta wa lauya tarihin Kaka, mahaifin babansu.

Ƙarshen mako kotu za ta rufe karɓar hujja a shari'ar gonar. Gonar nan kaɗai ta rage wa gidan, kuma da ita Auta, ƙanin Malama, ke ciyar da 'ya'yansa bakwai. Wasu mutane ne suka taso daga birni suka ce ta kakansu ce, wai ciwo ya kai shi asibiti bai dawo ba. Ran da aka fara zama, babbansu sai da ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar kotu. Auta ya raɗa mata cewa wannan ko rumbu ya leƙa ba ya bukatar tsani. A lokacin sun yi dariya.

Yanzu an daina dariyar. Lauya ya ce ba takardar saye, ba shaida mai rai, su kawo duk abin da ke nuna Kaka a gonar a matsayin mai ita.

Malama ta yi shekara talatin tana koyar da tarihi, ta san a bi abu daki-daki. Ta rubuta abin da Goggo, yayar mahaifinsu, ta gaya mata: Kaka ya zo shi kaɗai da ƙunshin kayansa, ya yi noma har bayansa ya lanƙwashe, ya rasu mahaifinsu na goye, ita Goggo ba ta wuce shekara huɗu ba. Bai taɓa dasa ko bishiya ɗaya a gonar ba, wai ba ya son inuwa ta cinye masa hatsi. Duk lokacin girbi kuma sai ya loda rabin amfanin a amalanke ya aika birni. Goggo ta ce tsabar kyauta ce irin ta mutanen da.

Abu biyu ya bari. Na farko laujensa mai giɓi kusa da tsini, wanda maƙeri ya juya wa baki. Har yau da shi Auta ke yanka, don na kasuwa ba sa zama a hannunsa. Na biyu hoton, wanda wani malamin gona ya ɗauka shekarar da yake zagayawa yana ɗaukar masu gonakin da suka fi samun amfani. Kakarsu a ƙasan akwati take ɓoye shi. In yara suka matsa mata sai ta fito da shi ta ce, "Ga shi nan," ta mayar ta rufe. Bayan rasuwarta aka sa shi a firam aka rataye a falo.

Mutum ne dogo cikin farar riga, tsaye a gaban tarin dammuna, sanda a hannun dama. Duk baƙon da ya shigo sai ya dubi hoton, ya dubi mutanen gidan, ya tambaya ina suka kai tsawon. Auta kan ce Kaka gona ya bar musu, tsawon ya tafi da abinsa.

Da ta cire hoton daga firam a makon jiya, ta ga ashe katakon ya rufe wani a gefe, a tsugune, ƙafa ba takalmi. Ɗan ƙodago ne, ta ce a ranta. Ta kai wa mai hoto ya yi mata babban kwafi na ajiyewa, tunda lauya ya ce na asalin kotu za ta karɓa, kuma dole a nuna wa ɗaya ɓangaren.

Auta ya shigo da hantsi, taɓo a ƙafarsa duk da ba a yi ruwa ba, daga ban ruwan 'yan kayan lambu yake. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba.

"Yaya, in wannan bai yi ba fa?"

"Zai yi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta biya wurin mai hoto ta karɓi na asalin da kwafin a naɗe cikin takarda. A gidan waya ta juya hoton ta rubuta a bayansa: Mai gonar, a tsaye. Ta sa hannu. Ma'aikaciyar da ke sayar da kan sarki ta yi murmushi ta ce ashe Hajiya bahaguwa ce. Malama ta ce duk gidansu haka suke, ta sha bulala a kai a firamare, gadon Kaka ne.

Ta liƙe ambulan ta jefa a akwati, ta ji saukarsa a can ƙasa.

A waje iska ta taso tana kore hadarin. Ta zauna a benci don ƙafarta ta huta, ta warware kwafin, ta sa tabarau. Mai hoto ya yi aiki mai kyau, har zaren rigar dogon ana gani, da doguwar haɓar nan da ta tabbata ta gani kwanan nan a wani wuri. Idonta ya gangara gefe, kan gajeren mutumin da ke tsugune a ƙasa yana kallon kyamara da idanun Auta. A hannunsa na hagu yana riƙe da lauje mai giɓi kusa da tsini.