Jirgi Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Wasiƙar da ta zo daga Paris layi uku ce. Soja Saley, jirgin ruwa na sauke dakaru mai lamba ashirin da bakwai, gaɓar Provence, Agustan 1944. Jirgin bai kai tudu ba. Ba a ga gawa ba.

Moussa ya karanta ta a tsaye a ɗakinsa na unguwar La Guillotière. Shekara shida yana rubuta wa ofisoshi, abin da ya samu ke nan. Wata huɗu ne da shi a duniya lokacin da aka kwashi babansa Saley daga Zinder. Yau ga furfura a gemunsa, yana aikin walda a Lyon, har yanzu bai san inda ƙashin mutumin yake ba.

Innarsa Hassia ce ta hana shi hutawa. Ba ta yi takaba ba, ba ta sake aure ba, domin an ce mata mijinta ya ɓata ne, ba a ce ya mutu ba. Yanzu tana kwance, idonta ya tafi. A kaset ɗin ƙarshe da aka aiko masa, magana ɗaya ta yi ta maimaitawa: a nemo mata wanda ya gani da idonsa.

Ya sayi littattafai ya ƙure jirgin da bincike. Tsawonsa mita goma sha ɗaya, gindinsa a shimfiɗe don ya hau yashi. Jikinsa falanki ne, ƙarfe sai a ƙofar gaba, wadda ake saki ta faɗi mutane su fita da gudu. Soja talatin da shida yake ɗauka, a tsaye, ba rufi. Duk ya haddace, amma babu abin da zai gaya wa tsohuwa a ciki.

Wani mai sayar da atamfa ne ya ce masa akwai tsoho a unguwar Belleville ta Paris, Malam Illiassou, mutumin Tahoua, wanda yake wurin a wannan rana. Ya ce tsohon ba ya son zancen, amma a gwada.

Ran Asabar Moussa ya hau jirgin ƙasa na safe. Ya sami tsohon a hawa na biyar, ɗaki ɗaya, buta da darduma. Babu lambar yabo a bango, babu hoton kaki. Suka gaisa, ya tambayi gida, tsohon ya ce rabonsa da gida tun 1939.

Da tsohon ya ji lambar jirgin, sai ya dubi tafin hannunsa.

"Na gan shi," in ji shi. "An rubuta lambar da farin fenti a goshinsa."

Ya ce Amurkawa sun riga sun kama gaɓar, harbi ya lafa, rana ta take. Jiragen suka taho a jere, ƙofofinsu a tsaye kamar bango, ba ka ganin komai sai ƙoƙon hulunan ƙarfe. Amma akwai turaku a ƙarƙashin ruwa. Itacen pin ne, an kafa su a karkace suna fuskantar teku, kowanne da nakiya ɗaure a kansa da waya. Masu share gaɓa sun tone da yawa. Ɗaya ya kuɓuce musu, can wajen hagu, kusa da duwatsu.

"Falanki ne, ɗana. Ya tsage kamar ƙwarya. Ƙofar ma ba ta buɗe ba. Ga kaya a bayansu, ga bindiga, ga takalmi. 'Yan tudu ne, ba su san iyo ba."

Moussa ya tambaya ko akwai wanda ya fita.

"Ko ɗaya," in ji tsohon. "Ban san namu ba ne sai da na ji ihu. Wani yana kiran innarsa da Hausa. Sau uku ya kira."

Ƙarar motoci tana tasowa daga titi. Shekara arba'in innar Moussa tana gyara shimfiɗar mutumin da ya nutse ana ganin tudu. Duk da haka ya sami shaida. Ya fito da rikoda ya roƙi tsohon ya maimaita da bakinsa, don ta ji daga wanda aka yi abin tare da shi.

"Baba, ka fara da sunanka, da jirgin da kake ciki. Kana cikin na bayansu ke nan?"

Tsohon ya dubi rikodar, kaset yana juyawa.

"Ban taɓa shiga irin jirgin nan ba. A kan yashi nake tsaye. Jamusawa sun kama mu tun 1940, suka kai mu aikin gaɓa. Turken nan na hagu, ni na kafa shi, ni na ɗaura masa nakiyar."