Bindigogi a Bayan Farfela

Farfelar na fara gani, an yanko ta daga kwalin dabino. Lokacin kullen korona ne, muna zaune a unguwar Bin Mahmud, can ƙasar waje. Baba makanikin jirgin sama ne, jirage kuma sun daina tashi. Mako uku bai ce mana komai ba sai sallama, shirun nan yana ba ni tsoro.

Ran nan da la'asar na tarar ya haɗa ƙananan jiragen yaƙi biyu na kwali, irin na da. Ɗaya da bindigogin ashana takwas a fukafukai, ɗayan biyu kacal a bayan farfela. Na ɗauka kuskure ne, na cire su.

"Uwata, me kike yi?"

"Baba, ai kansa zai harba."

Ya yi dariya. "Mai takwas watsawa yake yi. Wannan kuwa an saita masa lokaci, sai farfela ta wuce harsashi ke fita."

Har magariba yana bayani, ina riƙe da ashanar. Ban ƙara jin murya mai daɗin wannan ba.

Bayan gasar cin kofin duniya da aka yi a can, ya koma gida Kaduna. Yanzu fanka yake gyarawa, masu kawo gyara suna cewa surutunsa ya yi yawa.