Ƙwai Arba'in na Auta

"Sunana ne a farko!"

"A kan me? Wa ya riƙe allurar?"

"Allura! To a sa mai gadi ma mana, ai shi ke buɗe mana ƙofa."

"Auta, ki kiyaye ni. Da hannun nan naki mai rawa aka yi aikin, da wainar ƙwai za mu kai wa Farfesa."

Auta da abokin aikinta Dogo ke nan, a gaban injin ƙyanƙyasa, suna rigimar sunan wa zai hau sama a takardar binciken. Faɗa suke yi, amma bakin kowa ya ƙi rufuwa don murna.

Shekara uku Auta tana bin ƙwayar halitta ta gado guda ɗaya kamar mai bin ɓatacciyar akuya. Ta rantse ita ce makunnin da ke tashin uwayen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Kashe ta, in ji Auta, ƙwaƙwalwa ba za ta tsiro ba. Shekara uku tana kashewa, 'yan tayin suna fitowa da kawunansu tuɓur-tuɓur kamar masu shirin shiga jami'a.

Ƙarshe Farfesa ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya ja "Tooo" ɗin nan nasa mai tsawon igiyar guga, ya ce ta tattara kayanta, wani na jiran kujerar.

Ta koma gida tana kuka. Gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun tana goye, ta share mata hawaye. Washegari ta miƙo mata kwano a ɗaure cikin tsumma. "Kai wa malamin naku. Ciki ba ya musu." Farfesa ya buɗe, ƙamshin nama ya cika ofis. Ya ci, ya tsotse ƙashi, ya share gumi, ya ƙara mata wata uku.

Wata biyu suka tafi wajen haɗa sabon ruwan allura. Ga gajiya, ga wata sabuwar makara da ta kama ta. Ita da a da take riga mai shara zuwa, yanzu sai rana ta haska mata ido take zabura, ta iso da ɗankwali a karkace, Dogo yana duba agogon da ba shi da shi.

Ranar gwaji, gonar da ke kawo musu ƙwai ta aiko arba'in maimakon tamanin. Kafin Auta ta iso, Dogo ya jera su a inji a matsayin shaidu, wato waɗanda ba za a taɓa ba, don a gwada da su. Na allura babu ko ɗaya, ga ruwan ba ya kwana.

Sai ta tuna garken kajin Gwaggo a bayan gida, da jan zakaran nan da ya taɓa kora ta har cikin banɗaki. Ta fita da gudu, ta dawo da kwando. Dogo ya huda ɓawo, ya ɗiga ruwan kan farin ɗigon gwaiduwa, ya liƙe, ita tana bi da fensir tana zana tauraro.

Bayan kwana huɗu suka buɗe. Shaidu duk lafiya, zuciya na bugawa, kai ya kumburo. Suka juya kan masu tauraro. Na farko, ba ƙwaƙwalwa. Ba jijiya. Ba ma ɗan tayin. Na biyu haka. Na arba'in haka.

Auta ta yi guɗa cikin ɗakin da ko tari ba a yi. Farfesa ya leƙa madubin ƙara girma, ya ɗago, ya sake leƙawa, tabarau ya faɗa aljihu.

"Tooo! Wannan ba makunnin ɗaki ba ne, 'yata. Babban layin gari kika kashe!"

Nan take ya ce kujera tata ce har ta gaji. Ya kira abokansa na ƙasashe uku a waya, yana tafiya yana dukan iska. Ya sa aka sayo lemo, ya kuma ce lallai a ɗauko masa baiwar Allahn da kajinta suka shiga tarihi.

Gwaggo ta iso da mayafin fita unguwa, ta zauna a kujera mai juyawa, ta riƙe tebur gam. Aka nuna mata hoton gwaiduwa fayau. Ta ce, "Ikon Allah. Duk wannan karatun ne?" Auta ta rungume ta ta baya, Dogo ya yi mata kirari da uwar masu bincike.

Farfesa ya jawo kujera, ya buɗe littafi, ya lashi bakin biro.

"Hajiya, a takarda dole mu rubuta asalin ƙwan. Kajin naki nawa ne?"

"Ashirin da uku, ban da gurguwar."

"Madalla. Shi kuma uban gidan, zakaran, wane iri ne? Na gida ko na gona?"

Gwaggo ta kurɓi lemo, ta dube shi da mamaki.

"A'a, ranka ya daɗe, ai kai za ka ba mu labarinsa, tunda kai ka tsotse ƙashinsa. Amma kada ka damu, matan sun yi haƙuri, ko kwana ɗaya ba su fasa ƙwai ba."