Mai Yasar Rijiya da Tumbinsa

An yi wani mai yasar rijiya a wani ƙauye, sana'ar da ya gada daga ubansa. In rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa, ya kwashe laka, ya sa dagi ya ƙara zurfi har idon ruwa ya buɗe. Damina mai albarka ta yi ta zuwa a jere, mutumin ya yi teɓa. Wata rana bayan kaka, babban masu riƙe masa igiya ya dube shi ya ce, "Baba, ba raini ba, amma bana ko igiya ta tsinke ko mu mu bi ka ciki." Aka yi dariya. Shi bai yi ba, domin ya san a ƙauyen gaba akwai wani mai yasa da yake jiran a kira shi. Matarsa ta ce ya rage malmala ɗaya a tuwonsa, ya sassauta man shanu, ya riƙa zuwa gona da ƙafa maimakon kan jaki. Ya ce rani ba zai jira shi ba. Sai ya yanke abinci baki ɗaya, in ban da ruwan tsamiya da ɗan koko da safe.

Da fari ya ji daɗi, kullum yana ƙara tsuke zariyar wando. Amma jiki kamar matar gida yake, wadda ta taɓa ganin shekarar fari. Da ta ji hatsi ya daina shigowa, sai ta rage wutar murhu, ta toshe rumbu, ta fara sayar da kayan ɗaki. Kitsen ciki shi ne rumbun, naman damtse da na cinya su ne kayan ɗakin. Ya koma jin sanyi ana tsakiyar zafi, hannayensa suka sirance, tumbin kuwa yana nan. Ranar yasa igiya ta ɗauke shi ba wahala. Da ya isa ƙasa ya ɗaga dagin da ya saba juyawa da hannu ɗaya, dagin ya gagare shi. Jiri ya kwashe shi, ya zube cikin laka, sai janyo shi aka yi kamar guga. Mutumin ƙauyen gaba ne ya buɗe idon ruwan, shi kuwa yana kwance a inuwa yana jin guɗar mata. Da ya koma kan akushi, jikin da ya sha wuya bai sake yarda da shi ba, duk lomar da ta shiga sai ya ɓoye ta. Kafin wani rani ya zagayo ya fi yadda yake a da nauyi, ƙarfin kuwa bai dawo ba. Igiyar yasa da ya gada daga ubansa tana rataye a zaure har yau, ba a sake zura shi rijiya ba. Shi ya sa masu iya magana suka ce, sauri ya haifi nawa.