Ina Zuwa

Ranar da za mu tashi zuwa Masar, Baba ya ce sai mu biya garin Jabal Awliya mu bar karena Kwalli a wurin kakata, wadda muke kira Habboba, domin motar da za ta kai mu Masar ba ta ɗaukar kare.

Bayan la'asar muka same ta a rumfar ƙofar gida tana soya kofi. Har yau ƙamshin kofi da citta yana mayar da ni rumfar nan.

Da muka miƙe, Kwalli ya biyo ni har bakin mota. Baba ya kore shi da Larabci, ko gezau bai yi ba, don Hausa kawai yake ji. Sai na durƙusa ina kuka, na faɗa masa abin da nake faɗa kullum idan an aike ni kanti: "Zauna, ina zuwa." Ya koma ya zauna a gefen ƙafar Habboba, ya zuba mini ido.

Habboba ta ajiye maficinta ta ce, "To, ɗan nan, mu biyu muka ji."

Na gyaɗa kai kawai, hankalina duk yana kan kare. Ko hannunta ban riƙe ba.

Ta rasu ina aji na ƙarshe a sakandare, ban koma ba. Yanzu idan zan fita 'yata ta tambaye ni inda za ni, sai in ce mata zan je kasuwa. Waccan maganar ba ta fitowa daga bakina.